A Koya wa Ma'aikatan Asibiti Sha'anin Shayarwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini, domin in bayyana wani al'amari da ya sosa mini rai a makon jiya, wanda na tabbata ba a kanmu kaɗai ya auku ba.

Ƙanwata ta sauka a wani asibiti na garinmu, haihuwar fari, ni ce kuwa na zauna da ita. Tun daga hantsi har la'asar ba a sami ma'aikaciya ɗaya da ta ɗora mata jaririn a ƙirji, ko ta nuna mata yadda zai kama mama ba; da yaron ya tsananta kuka, sai wata nas ta leƙo ta ce wai nono bai kawo ba, a je a sayo madarar gwangwani, alhali a gadon da ke kusa da mu wata tsohuwa tana tatse dakashin 'yarta a tsumma tana cewa dauɗa ce, nas ɗin tana gani, ba ta ce uffan ba.

Wannan gafala ce babba, Malam Edita, domin dakashin da ake zubarwa shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nasiha a fara shayarwa cikin sa'a guda da haihuwa, a ba da nono zalla har wata shida ba tare da ko ruwa ba, sa'an nan a ci gaba har shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233. Tun 1981 aka kafa ƙa'idar taƙaita tallan madarar jarirai, tun 1991 aka fito da shirin asibitoci masu kula da shayarwa, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kaɗai na jariran Nijeriya ke samun nono zalla. In wadda aka ba amanar mai jego ita ce ke aika a sayo gwangwani, wa zai gyara wa tsohuwa kuskurenta?

Ban ɗora laifin duka a kan nas ba, domin wanda ba a koya wa ba, ba zai koyar ba, balle a bar mace ɗaya da ɗaki cike da masu naƙuda. Laifin na shugabanni ne, waɗanda kowane farkon Agusta sukan taru a otal su yi jawabin makon shayarwa, a raba riguna da huluna, a watse, ɗakin haihuwa kuwa yana nan yadda yake.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta sa ilmin shayarwa a makarantun koyon jinya da unguwarzoma, a koyar da shi a aikace a gefen gadon mai jego, a maimaita wa waɗanda suka daɗe a aiki, a kuma haɗa da unguwarzomomin ƙauye, tun da yawancin matanmu a gida suke haihuwa. Haƙƙin jariri ne, kuma za a tambaye mu a kansa ranar gobe ƙiyama.

Wassalam.

Taka mai karatu,
daga Katsina.