An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wa Ya Durƙusar da Kamfanonin Motocin Amurka?

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da na ji daga bakin wani matashi a majalisarmu bayan sallar isha'i. Hira ta kai ga tattalin arzikin Amurka, sai ya gyara zama ya ce, ai tun daga harin 11 ga Satumba na 2001 ƙasar ta karye, har manyan kamfanoninta na motoci suka durƙushe. Yana faɗi yana murmushi, kamar mai ba da labarin nasara. Abin ya dame ni ƙwarai, domin wannan zance shi ne ainihin wanda maƙiyin Musulunci yake so a yarda da shi: duk asarar da ta faɗa wa ma'aikacin Amurka, a ce Musulmi ne sila. Ɗaya yana faɗi da alfahari, ɗaya yana faɗi da ƙiyayya, kuma dukkansu sun saɓa wa gaskiya.

Bari in fara da abin da babu jayayya a cikinsa. Harin da aka kai a New York da Washington ya halaka mutane kusan 3,000, cikinsu har da Musulmi, kuma kisan wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne a addininmu, ko wane suna aka laƙaba masa. Tsoron da ya biyo baya ma gaskiya ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jama'a da yawa sun ƙaurace wa jirgin sama suka koma tafiya a mota, har wani masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, Gerd Gigerenzer, ya ƙiyasta cewa ƙarin mutane kimanin 1,500 sun mutu a haɗurran hanya cikin shekara guda bayan harin. An gudu ba a tsira ba ke nan. Haka kuma alƙaluman hukumar FBI sun nuna cewa laifukan ƙiyayya ga Musulmi sun tashi daga 28 a 2000 zuwa 481 a 2001. Kwana huɗu bayan harin aka bindige Balbir Singh Sodhi a gidan mansa da ke jihar Arizona saboda rawani da gemu, alhali shi mabiyin addinin Sikh ne.

To amma tambayata ita ce: shin wannan tsoro ne ya kashe kasuwar mota? Mu duba kwanakin wata, domin su ba sa son kai. Kamfanin General Motors ya sanar da dakatar da ƙera motocin Oldsmobile tun a Disamban 2000. Chrysler ya sanar da rage ma'aikata 26,000 a Janairun 2001. Tattalin arzikin Amurka ya shiga koma-baya a Maris na 2001. Ford kuwa yana fama da badaƙalar tayoyin Firestone da ke fashewa a motocinsa ƙirar Explorer, har ya ɗauki nauyin canza tayoyi miliyan 13 a watan Mayu na wannan shekara. Duk wannan ya faru ne kafin jirgi ko ɗaya ya doki bene.

Abin da zai ƙara ba ka mamaki shi ne abin da ya faru bayan harin. Cikin 'yan kwanaki General Motors ya fito da tallan sayar da mota bashi ba tare da kuɗin ruwa ba, aka lulluɓe shi da rigar kishin ƙasa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Jama'a suka yi tururuwa, watan Oktoban 2001 ya zama ɗaya daga cikin watannin da aka fi cinikin mota a tarihin ƙasar, kuma a shekarar gaba ɗaya an sayar da motoci sama da miliyan 17. Ashe tsoron ma sai da aka mayar da shi haja. Wanda ya ce firgici ne ya hana Amurkawa sayen mota, sai ya gaya mana inda waɗannan miliyoyi suka fito.

Cutar da ke cin kamfanonin daga ciki take, kuma ta daɗe. A farkon shekarun 1960 kusan rabin motocin da ake sayarwa a Amurka na General Motors ne. Zuwa 2008 kasonsa ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu, a daidai lokacin da Toyota da Honda ke ƙera ƙananan motoci masu ƙarko da ƙarancin shan mai. Shugabannin Detroit sun jingina ribarsu ga manyan motoci masu zuƙar fetur, irin su Hummer, kamar man zai dawwama da araha. Ga nauyin fansho da kuɗin asibitin ma'aikata da aka yi alkawari ba a yi tanadinsa yadda ya kamata ba. General Motors ya yi asarar sama da dala biliyan 10 a 2005, sannan kusan biliyan 39 a 2007. Da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a Yulin 2008, manyan motocin suka yi kwantai. Da bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumban 2008, bashi ya ƙafe, kasuwar da aka gina a kan bashi ta zube, har cinikin mota ya faɗo zuwa kusan miliyan 10 da rabi a 2009.

Ka lura da kyau, ya ɗan'uwa: rikicin 2008 daga bashin gidaje mai ruwa ya taso, wanda aka danƙa wa mutanen da ba za su iya biya ba, aka kuma riƙa sayar da takardun bashin daga hannu zuwa hannu. Hatta GMAC, reshen kuɗi da General Motors ya kafa, ya tsunduma cikin wannan harka ya tafka asara. Ga Musulmin da ya san gargaɗin da ƙarshen Suratul Baƙara ya yi kan riba, darasin a fili yake, kuma ya fi ƙarfin a musanya shi da tatsuniyar jarumtar 'yan ta'adda.

A Nuwamban 2008 shugabannin kamfanonin uku suka je majalisar dokoki a Washington neman tallafin dala biliyan 25, kowannensu a jirgin sama na kamfaninsa. Mai bara da ƙoƙon zinare! Chrysler ya shiga kotun fatara a ƙarshen Afrilun 2009, General Motors ya bi shi ranar 1 ga Yuni, gwamnati ta zuba kimanin dala biliyan 80 na masu biyan haraji don ceto masana'antar. Ford bai shiga kotun ba, domin ya riga ya ciwo bashi mai yawa a 2006 ta hanyar jinginar da kadarorinsa. Ƙasa ɗaya, tsoro ɗaya, farashin mai ɗaya, amma sakamako daban. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa shawarar shugabanni ce ta yi aiki.

Neman wanda za a ɗora wa laifi tsohuwar ɗabi'a ce a wannan masana'anta. A shekarun 1920 jaridar Henry Ford ta Dearborn Independent ta yi ta jibga wa Yahudawa laifin matsalolin duniya. A 1982, lokacin da motocin Japan suka mamaye kasuwa, wasu mutum biyu masu alaƙa da masana'antar mota suka yi wa Vincent Chin dukan ajali a yankin Detroit ana gab da bikin aurensa. Asalinsa ma ɗan Sin ne, kuma kotun jiha ta sallami makasansa da tara da jan kunne, ba su yi zaman kurkuku ba. Da fetur ya yi tsada aka waiwayo kan Larabawa, alhali a shekarun 2000 Kanada ce ta fi kowace ƙasa sayar wa Amurka mai.

Shi kuma matashinmu mai murna, ina so ya san su wa yake yi wa dariya. Garin Dearborn, hedikwatar Ford, yana cikin wuraren da Larabawa da Musulmi suka fi yawa a Amurka. Kakanninsu daga Labanan da Siriya da Yaman aikin masana'antar mota ya kai su, har aka gina masallaci a Highland Park kusa da masana'antar Ford tun 1921. Duk sa'ad da aka rufe masana'anta, akwai mai sallah a cikin waɗanda suka koma gida hannu rabbana. Ko da ma babu Musulmi ko ɗaya a cikinsu, yaushe addininmu ya koya mana farin ciki da yunwar 'ya'yan lebura?

Alƙur'ani ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu tantance labari kafin mu yi aiki da shi, ya kuma hana mu a Suratul Ma'ida barin ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga rashin adalci. Waɗannan umarni biyu ba su da togiya ga Amurka. Idan muna ƙin a ɗora mana laifin da ba namu ba, bai kamata mu karɓe shi da hannu biyu muna tinƙaho da shi ba. Don haka ina roƙon matasanmu masu yawo a intanet, kafin ka tura wani labari gaba, ka tambayi shekara, ka tambayi adadi, ka tambayi wanda zai amfana idan an yarda da shi. Laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani, kuma mu ma ba mu kuɓuta daga wannan hali ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare harsunanmu daga ƙarya ko da ta yi mana daɗi.