Majigi Ya Shigo Ɗaki, Ina Makomar Kaset ɗinmu?

Haƙiƙa duk mai lura da zamani ya san majigi ya bar dandali ya tare a cikin ɗaki. Tun daga 1976, lokacin da kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS, ci gaban bai tsaya ba. Faifan DVD ya zo a 1996, Blu-ray kuma a 2006. Yanzu allon 4K yana zuba ɗigo fiye da miliyan 8 a hoto guda, tsarin Dolby Atmos na 2012 kuwa yakan sa mai kallo ya ji ƙarar ruwan sama bisa kansa.

To, amma malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, a nan gizo ke saƙar. Kowace sabuwar na'ura takan binne wadda ta gada. A 2016 kamfanin Funai ya daina ƙera na'urar kallon VHS, alhali kuwa a kan kaset aka fitar da finafinan bidiyo na Hausa na farko, irin su Turmin Danya na 1990. Zafi da laima suna cin zaren kaset, idan ya lalace kuwa, karin harshe da salon maganar zamaninsa sun tafi ke nan.

A ganina, wajibi ne sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara waɗannan kaset-kaset, su juye su cikin kwamfuta tun na'urorin karanta su ba su ƙare ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.