Kuɗin Ƙungiya a Asusun Ma'aji

Tun bayan ƙarancin takardun naira na 2023, da yawa daga cikin ƙungiyoyin ɗalibai, na wasanni da na 'yan gari ɗaya, sun koma karɓar kuɗin rajista ta waya. Wannan ci gaba ne. Abin damuwar shi ne inda kuɗin ke sauka: asusun ma'aji na ƙashin kansa. Ranar da ya kammala karatu a Gusau ko Tsafe, ya koma gida Bunguɗu ko ya tafi bautar ƙasa, asusun zai bi shi, zargi ma haka.

Da yawa suna ɗauka cewa rashin neman riba kaɗai yana kuɓutar da ƙungiya daga haraji. Ba haka abin yake ba. Sai ta yi rajista a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020, ta samu lambar haraji. Ko a hakan, rangwamen bai shafi ribar ciniki ba.

Wannan ɗawainiya ta fi ƙarfin ɗaliban da shugabancinsu ke sauyawa duk shekara. A ganinmu, wajibi ne hukumomin manyan makarantun Zamfara su buɗe wa kowace ƙungiya asusu ƙarƙashin ofishin harkokin ɗalibai, wanda ba a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu.