Shirye-shiryen Tallafa wa Matasa a Yankunan Rikici: Da Wane Mudu Za A Auna Su?

Da wuya wata ya shige ba a ji labarin bikin yaye matasan da wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta koya wa sana'a ba, ko a Maiduguri, ko Damaturu, ko Yola. Akan jera kekunan ɗinki da injinan niƙa da kayan aski a gaban manyan baƙi, a yi jawabai, a miƙa takardun shaida, sannan a rubuta wa masu ba da kuɗin a Turai ko Amurka cewa an horar da matasa ɗari kaza. A lissafin ofis aiki ya kammala ke nan. A lissafin tattalin arziki kuwa ranar ce ma aka soma, domin abin da ya kamata a bincika shi ne, bayan shekara biyu mutum nawa ne daga cikinsu ke cin abinci da wannan sana'a, kuma nawa suke samu fiye da tsararsu da ba a horar ba.

Batun ba ƙarami ba ne. A watan Disamba na 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 a kan matasa da zaman lafiya da tsaro, kuma a watan Mayu na 2016, a babban taron ayyukan jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul ta ƙasar Turkiyya, aka ƙulla wata yarjejeniya ta musamman a kan matasa a cikin ayyukan agaji. Tun daga lokacin manyan ƙungiyoyin agaji da dama suka buɗe wa matasa sashe a cikin ayyukansu. A nan gida, rikicin arewa maso gabas ya raba mutane fiye da miliyan 2 da muhallansu a jihohin Borno da Adamawa da Yobe, kuma yara da matasa ne mafi yawansu. Ra'ayina shi ne, duk wanda aka ɗora wa shugabancin irin wannan shiri jari aka damƙa masa, ko da kuwa da sunan agaji aka ba shi, saboda haka da mudun da ake auna manajan kowace masana'anta ya kamata a auna shi, wato abin da jarin ya haifar.

Idan aka yi wannan awo, sakamakon koyar da sana'a zalla ba mai faranta rai ba ne. A 2017 wani masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, David McKenzie, ya tattara binciken da aka yi a kan shirye-shiryen koyar da sana'a a ƙasashe masu tasowa, inda aka kwatanta waɗanda aka horar da waɗanda ba a horar ba. Ya tarar cewa a cikin kowane mutum 100 da aka horar, waɗanda suka sami aiki saboda horon, wato waɗanda da ba don shi ba da ba su samu ba, ba su wuce 2 zuwa 3 ba, alhali kuwa ana kashe dalar Amurka 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum guda. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa. Horar da mutum 100 a kan dala 1,000 kowanne ya kama dala 100,000, in aka raba wa ayyuka 3 da aka samar, kowane aiki guda ya tashi a kan fiye da dala 30,000. Babu ɗan kasuwar da zai ga wannan lissafi a littafinsa ya yi barci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Horo yana ƙara yawan masu iya sana'a, amma ba ya ƙara yawan masu saye ko kuɗin da ke aljihunsu. In aka yaye teloli 300 a unguwar 'yan gudun hijira, inda magidanci ke jiran rabon hatsi kafin a ɗora tukunya, wa zai kawo musu ɗinki? In ban da lokacin salla, kekunan a ajiye za su wuni. Kuɗin ɗinki ya faɗi, tsofaffin telolin garin su ma su shiga uku, daga ƙarshe kuma a ga keken a kasuwar 'yan gwanjo, kuma ba za a ga laifin yarinyar da ta sayar da shi ba, domin ita ma lissafi ta yi. Abin da ke sa manajoji komawa kan ɗinki da haɗa sabulu da saƙa a kullum shi ne sauƙinsu a ofis: malamai na nan birjik, kayan aikin na da sauƙin saye a dunƙule, kuma suna da sauƙin ƙirgawa a rahoto.

Ga shi kuma kasuwar yankin da ake rikici ba irin ta ko'ina ba ce. A 2011 aka haramta hawan babur a Maiduguri saboda tsaro, sana'ar acaba da ta masu gyara suka durƙushe, Keke Napep ya maye gurbi. An sha taƙaita fataucin kifin tafkin Chadi, wanda shi ne ƙashin bayan arzikin Baga da kewayenta, an kuma sanya takunkumi a kan safarar takin zamani samfurin yuriya saboda ana haɗa nakiya da shi. Sannan a 2021 gwamnatin Babagana Umara Zulum ta fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira da ke Maiduguri tana mayar da mutane ƙananan hukumominsu, wanda ke nufin matashin da aka koya wa sana'ar birni zai iya wayar gari a garin da babu wutar lantarki. Manajan da ya rubuta jerin sana'o'insa a babban ofis, ba tare da ya zauna da shugabannin 'yan kasuwa da masu sana'a na garin ba, ya gina shirinsa a kan kasuwar da babu ita.

Akwai darasi mai nauyi daga arewacin Yuganda, yankin da 'yan tawayen Joseph Kony suka ɗaiɗaita kusan shekara ashirin. Bayan lafawar yaƙin, gwamnatin ƙasar, da kuɗin Bankin Duniya a ƙarƙashin asusun farfaɗo da arewa da ake kira NUSAF, ta gayyaci matasa masu shekara 16 zuwa 35 su kafa ƙungiyoyi, su rubuta sana'ar da suke so su koya da kayan aikin da suke bukata. A 2008, daga cikin ƙungiyoyi 535 da suka cancanta, aka zaɓi 265 ta hanyar ƙuri'a, aka zuba wa kowace kimanin dala 7,500 a asusunta na banki, abin da ya kama kusan dala 382 ga kowane mutum. Ba a sa musu mai sa ido ba. Su suka nemo malamansu, su suka sayo kayansu. Masu hasashe da dama sun ɗauka kuɗin zai ƙare a shagali, amma mafi yawansa a kan kayan aiki ya tafi, ɗan kaɗan kuma a kan kuɗin koyo.

Da yake ƙuri'a ce ta raba waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, masana uku, Christopher Blattman da Nathan Fiala da Sebastian Martinez, sun sami damar kwatanta ɓangarorin biyu ba tare da son rai ba. Bayan shekara huɗu, waɗanda aka bai wa kuɗin sun fi sauran kadarorin sana'a da kashi 57 cikin ɗari, sun fi su sa'o'in aiki da kashi 17, kuɗin shigarsu kuma ya ɗara da kashi 38. Wannan ya nuna cewa abin da ya fi ɗaure matashin da yaƙi ya talauta shi ne rashin jari, domin ba shi da abin jingina da banki zai karɓa, danginsa da za su ranta masa su ma a tsiyace suke. Ya kuma nuna cewa matashin ya fi jami'in ofis sanin abin da ke tafiya a kasuwar garinsu.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma masu tallata rabon tsabar kuɗi ba su cika son ambaton sauran ba. Da masanan suka koma bayan shekara tara, sai suka tarar waɗanda ba a bai wa komai ba sun kamo takwarorinsu a kuɗin shiga, ta hanyar aikin ƙodago da tara ɗan abin da suka samu sannu a hankali. Abin da ya saura ga waɗanda suka amfana shi ne ɗan fifiko a kadarori da kuma yawan masu riƙe da ƙwararriyar sana'a a cikinsu. Wato tallafin ya gaggauta musu isa inda dama za su isa, ya ba su shekaru na samun da ya fi na tsararsu, wanda ba abin rainawa ba ne ga mai iyali, sai dai bai canza girman tattalin arzikin yankin ba. Haka kuma binciken bai ga wani tasiri a kan haɗin kan jama'a ko shiga tarzoma ba. Wannan ya kamata ya sa manajoji su rage cika baki a takardun neman kuɗi, inda akan yi alkawarin cewa keken ɗinki zai hana yaro ɗaukar bindiga. Talauci na cikin dalilan da ke ingiza matasa, amma zalunci da ramuwar gayya da tilastawa su ma suna nan, kuma ba jari ke maganinsu ba.

Kada a ɗauka cewa horo ba shi da amfani sam. A Laberiya, wadda ita ma ta fito daga yaƙin basasa, an fara wani shiri na 'yan mata a 2010 mai suna EPAG, a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin mata ta ƙasar da tallafin Bankin Duniya. An ɗauki 'yan mata kimanin 2,500, aka ba su wata shida a aji, sannan wata shida ana bibiyarsu har su kama aiki ko su kafa sana'a. Samun aikinsu ya ƙaru da kashi 47 cikin ɗari, kuɗin shigarsu kuma da kashi 80. Babban bambancin yana cikin kwangilar da aka ƙulla da cibiyoyin horon, domin an tanadi ladan ƙari ga cibiyar da ɗalibanta suka sami abin yi. Da zarar kuɗin malami ya rataya a kan aikin ɗalibi, ba sai an roƙe shi ya je ya binciki kasuwa ba.

To me ya hana a yi haka a ko'ina? Babban cikas shi ne tsarin kuɗin agaji kansa. Mafi yawansa na shekara guda ne, domin don ceton rai aka tsara shi, kamar rabon abinci da magani da tanti. Manajan da aka ba wata goma sha biyu zai cinye uku wajen ɗaukar ma'aikata da neman izini, uku wajen tantance matasa da ba da kwangilar sayen kaya, ya yi horon a gurguje, ranar da aka miƙa kayan aiki kuma ranar ce ake rufe littafi. Babu ko kwabo da aka ware don komawa a ga yadda aka kwana. A ganina, shirin matasan da ba zai kai shekara biyu ba, da kasafin bibiya a cikinsa, gara a mayar da kuɗinsa tallafin tsabar kuɗi kai tsaye a huta da hayar zauren biki.

Akwai kuma batun canjin kuɗi, wanda ba a cika tattauna shi ba. Kafin watan Yuni na 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460, amma a 2024 ta haura naira 1,500, hauhawar farashin kaya kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Babbar ƙungiyar da ke riƙe da dala ba ta yi asara ba. Sau da yawa ƙaramar ƙungiyar gida da aka ba kwangila da naira, da matashin da aka yanka wa jarinsa da naira tun farkon shekara, su ke ɗaukar nauyin faɗuwar. Adalci shi ne a ƙayyade jarin matashi da ƙimar kayan da zai saya, a riƙa sabunta adadin yadda farashi ya motsa.

Wannan ya kawo mu ga rabon kuɗin tsakanin baƙi da 'yan gida. A taron Istanbul ɗin nan na 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin cikin gida ta hanya mafi kusa. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba. Alhali kuwa a kowane garin arewa akwai tsarin koyon sana'a da ya girmi dukkan ƙungiyoyin nan, inda uba ke kai ɗansa wurin kafinta ko makaniki ko mai walda, yaro ya koyi aiki a kan kayan masu kawo gyara, ya san abokan ciniki, ya san inda ake saro kaya da rahusa. Biyan irin wannan maigida ya ɗauki yara biyu ko uku, tare da ƙara masa kayan aiki, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan gina sabuwar cibiya da janareta da motocin zirga-zirga. Sai dai a nan ma sai an sa ido, kada yaro ya ƙare a ɗan aike, kuma kada jerin sunayen masu amfana ya zama na 'ya'yan masu unguwa da 'yan uwan ma'aikata, cutar da ta daɗe tana cin shirye-shiryen gwamnati ma.

Yanzu dai zamanin yalwa ya wuce. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, zuwa watan Yuli kuma aka rufe hukumar USAID, alhali a lokacin Amurka ce ta fi kowace ƙasa zuba kuɗi a ayyukan jin ƙai. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, abinci da magani ake fara karewa, shirin matasa kuma shi ne na farko a layin yanka. Manajan da ke son nasa ya tsira dole ya zo da hujjar da ta fi hotunan biki, wato adadin kuɗin da ya isa hannun matashi daga cikin kowace naira ɗari da aka kashe, da yawan waɗanda ke kan sana'arsu bayan wata goma sha takwas, da abin da suke samu idan aka kwatanta da waɗanda ba su shiga ba. Gwamnatocin jihohin Borno da Adamawa da Yobe, waɗanda su ke ba ƙungiyoyin nan damar aiki a ƙasarsu, suna da ikon neman waɗannan alƙaluma uku daga kowace ƙungiya kafin a sabunta mata yarjejeniya, su kuma buga su kowa ya gani.