Abin da Takardar Turmi Ba Ta Faɗa

Duk ranar Talata, masu haɗa lefe daga Bakura, Maradun da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar Bakolori sukan cika layin 'yan atamfa a kasuwar Talata Mafara. Turmin da suke ɗagawa yana ɗauke da takarda mai ƙyalli, wata da sunan Holan, wata da da'awar auduga zalla. Akasarin kayan kuwa daga China suka taso, suka biyo ta Kantin Kwari a Kano. Fitowa daga China ba aibu ba ce. Arahar atamfarta ce ta sa magidanci mai ƙaramin ƙarfi yake iya yi wa iyalinsa ɗinkin sallah. Matsalar tana ga takardar da ke faɗin abin da ba haka yake ba.

Tsofaffin teloli suna da gwajinsu: su zare zare ɗaya, su kusanta shi da ashana. Auduga takan ci wuta ta zama toka. Zaren roba sai ya narke, ya dunƙule. Amma wane ɗan kasuwa ne zai bari a ƙyasta ashana a rumfarsa? Sai an biya, an ɗinka, an saka a zafin watan Afrilu, sannan jiki ya gane cewa roba aka saya da kuɗin auduga.

Tun 1958 Amurka ta yi dokar da ta wajabta bayyana irin zaren da ke cikin tufa, da ƙasar da aka yi ta, da kamfanin da zai ɗauki alhakinta. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2011, ta tsaya ne kan bayanin zare. Najeriya ma ba ta rasa madogara ba: akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya, kuma dokar kare masu saye ta 2018 ta haramta bayanin yaudara a kan haja. Sai dai gwamnati ta fi karkata ga toshe ƙofa. A watan Maris na 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala a farashin hukuma, a watan Agusta aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020, kuma a Oktobar 2023 aka janye takunkumin dalar. Atamfa ba ta taɓa yankewa a kasuwa ba. Ta dai koma hannun 'yan fasa-ƙwauri, kayan da ya biyo ta bayan fage kuwa ba shi da mai amsa sunansa.

Akwai wanda wannan ke cutarwa ba tare da ya taɓa turmin ba: manomin auduga na Zamfara. Muddin mai saye ba zai iya bambanta auduga da roba ba, babu dalilin da zai sa ya ƙara ko kwabo domin auduga, don haka darajarta ba ta komawa gona. Tambari kaɗai ba zai tayar da masaƙar Gusau ba, domin rashin wutar lantarki da rashin tsaron da ya kori manoma daga gonaki sun fi shi nauyi. Duk da haka, shi ne gyaran da bai buƙatar biliyoyi.

Takardar liƙi ba za ta wadatar ba, tunda ana ɓare ta a liƙa wata, shadda kuma yanka ta ake yi daga bandir. Kamata ya yi a buga bayanin a gefen yadin kansa, yana maimaituwa a kowane yadi: kason auduga, ƙasar da aka saƙa shi, da sunan wanda ya shigo da shi. Binciken kuma a yi shi a tashar jiragen ruwa da manyan ɗakunan ajiya na Kantin Kwari, inda diloli ke sauka. Mai rumfa a Talata Mafara da ya saro turmi ashirin bai ga masaƙar ba, shi ma takardar ya karanta.