FILIN KWAMFUTA: Tuƙin Jirgin Sama da Tsohuwar Na'ura

A wannan wata za mu duba wani koke da ya yawaita a bakin samarinmu na zango, wato masu koyon tuƙin jirgin sama a kwamfuta. Yaro zai ɗaga jirgi lafiya daga Kumasi, amma da ya zo sauka Tamale sai hoto ya riƙa tsalle yana tsayawa, kafin ya juya sitiyari jirgi ya ci ƙasa. Daga nan sai ya tasa mahaifi gaba, wai sai an sayi sabuwar na'ura. To, mu dai muna cewa a dakata tukuna, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Motsin da muke gani a allo hotuna ne ke bin juna da sauri. Fim ɗin silima hotuna 24 yake nunawa a daƙiƙa guda, kuma ido ba ya ƙorafi. Haka ma jirgin kwamfuta, idan ya tsaya kan 25 ko 30 ba ya hawa ba ya sauka, ya wadatar. A manhajar X-Plane, in hotuna suka gaza 20, lokacin wasan kansa ne ke rage gudu. A Flight Simulator X kuwa, danna Shift da Z yana nuna wa mutum adadin da na'urarsa ke bayarwa.

Abu na farko, a zaɓi manhaja daidai ƙarfin na'ura, daidai ruwa daidai tsaki. Microsoft Flight Simulator ya fara fitowa tun 1982, kuma fitowa ta 2020 tana neman aƙalla RAM mai gigabait 8, ga cin data, domin tana jawo hoton ƙasa daga intanet. Kwamfutar gwanjo ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Amma fitowa ta 2003, mai suna Flight Simulator 2004, da ta 2006, wato Flight Simulator X, suna tafiya a tsofaffin na'urori. Akwai kuma FlightGear, wadda kyauta ce.

Na biyu, a rage ƙawa. Inuwa, da walƙiyar ruwa, da gajimare masu kauri, da gidaje da itatuwa barkatai, da motoci da sauran jirage masu kai-kawo, su ne ke shanye ƙarfin na'ura. A sauke su ɗaya bayan ɗaya, ana duban lamba. A kuma rage girman hoto: 1280 da 720 bai kai rabin ɗigon da ke cikin 1920 da 1080 ba. Sannan a ƙayyade gudun hotuna a 30, kada a bar shi sake. A fara da ƙaramin jirgi kamar Cessna 172, a ƙaramin fili, a bar Landan da Dubai sai gaba.

Na uku, a kula da lafiyar na'urar. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, kuma idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A kashe ta, a zare waya, a hure ƙurar. Mai laftof ya jona ta da wuta, kada ya ɗora ta kan katifa. A rufe duk wata manhaja kafin a tashi.

Ga iyaye kuma, kada mu ɗauki abin nan sharholiya kawai. Yaron da ke karanta kamfas da ma'aunin tsayi da na gudu yana koyon lissafi da taswira da Turanci. Mai koyon tuƙi agogunan gabansa yake kallo, ba ganyen bishiya ba, kuma waɗannan agoguna tsohuwar na'ura tana nuna su sarai. Kuɗin sabuwar kwamfuta gara ya tafi kuɗin makaranta.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.