TSOHUWAR MOTA TANA DA HAKKI A KAN MAI ITA

Ya ku 'yan'uwa na rassan Dungas, da Dogo-Dogo, da Malawa, da Magariya, da Bande, da sauran garuruwan kasuwa, ina roƙon sakataren kowane reshe ya karanta wannan takarda a taron mako, ya ɗaga murya sosai, don waɗanda ba su yi lakwal ba su ji, gama maganar ta shafe su kamar yadda ta shafe mu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da daminar bara naƙuda ta tsananta wa matar maƙwabcina cikin dare. Muka tashi wani direba mai tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda ke kai mu kasuwar Maigatari ran Alhamis, muka kama hanyar likita. Ba mu yi nisa ba fanbel ya tsinke, inji ya ɗauki zafi, mota ta tsaya cikin rairayi. Babu wani fanbel a ajiye, babu ko sifana guda. Da amalanken shanu muka ƙarasa, gari na wayewa. Allah ya sa da sauran kwana, uwa da ɗa suka rayu. Da muka natsu sai direban ya ce mini, "Wallahi Malam, mako uku ke nan ina ganin tsagar fanbel ɗin, ina cewa sai kasuwa mai zuwa." Abin da kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba, shi ya kusa cin rai biyu.

Jama'a, mu dubi inda muke zaune. Babu jirgin ƙasa a jihar Damagaram, babu kuma gidan ƙera mota a Nijar duka. Tun zamanin Nasara, gyaɗar Magariya da Matameye a kan raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci, take zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ya fara aiki a 1912. Har yau gero, da wake, da riɗi, da raken fadamunmu, da bisashe, da majinyata, duk a kan taya suke tafiya. Mafi yawan tayoyin nan kuwa na tsofaffin motoci ne da babura. Ita 504 an fara ƙera ta a Faransa a 1968. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya buɗe a 1975, ya yi ta harhaɗa ta har 2006. Ke nan ko autarsu ta daɗe da tsufa. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta ba da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma.

Wani zai ce, to in ta lalace ba sai a sayo kayan gyara ba? Sai in ce masa ya tuna baya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsalle. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakarta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka har farkon 2024. A waɗannan lokuta wanda ya saba aikawa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo masa ƙarfe ya sha wuya, ko ya biya ninki ta ɓarauniyar hanya. Mutanen Kuba ma haka ta same su. Da Amurka ta toshe musu ciniki a 1962, sai suka riƙe motocin da ke hannunsu na shekarun 1950, suna gyara, suna ƙera abin da ya ɓace, har motocin suka yi shekaru fiye da hamsin suna aiki. Ƙasar da ba ta ƙera mota, in kuma ba ta iya rainon wadda ta saya ba, to kullum wuyanta yana hannun wani.

Alhali tsohuwar mota tana da wani alheri. Injinta a fili yake, da karbirato da wayoyi 'yan kaɗan, mai ido da haƙuri yana iya gane ciwonta. Motocin baya-bayan nan kwamfuta ke raba musu mai, in sun yi gardama sai an kai su Damagaram ko Kano an jona na'ura. Saboda haka ga abin da kowane mai mota ko babur zai iya yi a ƙofar gidansa, ba tare da ya biya ko dala ba.

Na farko, baƙin mai. Kowace safiya kafin a tada inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a zaro ma'auni a goge, a mayar, a sake zarowa a duba. A ƙasa mai ƙura irin tamu kada tsohon inji ya wuce kilomita 5,000 ba a juye mai ba, a canza matatarsa tare. A rubuta ranar cikin ɗan littafi, domin ƙwaƙwalwa tana ha'inci.

Na biyu, matatar iska. Ƙurar hunturu da rairayin hanya in suka shiga inji, cinye shi suke yi kamar dutsen niƙa. A buɗe matata kowane mako a kakkaɓe. In ta huje a sake ta. Masu cire ta gaba ɗaya wai don mota ta ƙara gudu, su sani injinsu suke yi wa kabari.

Na uku, ruwan lagireto. A duba shi da sanyin safiya. Kada a buɗe murfi inji na da zafi, don tafasasshen ruwa zai yi tsartuwa a fuska. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe hanyoyin lagireto, gara ruwan sama da aka tace. A lokacin nan a taɓa fanbel da yatsa. In ya saki a ɗaure, in ya tsage a sake, a kuma ajiye wani ƙarƙashin kujera.

Na huɗu, mai na kwalba. Ko da yake matatar SORAZ tana aiki kusa da Damagaram tun 2011, mutanenmu da yawa ruwa-ruwa suke saye a bakin hanya. Wanda ba shi da makawa, to ya tace da tsumma mai tsabta a bakin mazurari, kada ya bari a juye masa na gindin jarka, nan ne ruwa da yashi suke kwanciya.

Na biyar, taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke faɗin ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Tayar da ta tsufa tana fashewa da zafin bazara ko da zanenta bai goge ba. Wanda ya rage iska don ya ratsa rairayi, ya mayar da ita kafin ya hau kwalta. Mai babur kuma ya wanke sarƙa kafin ya sa mata mai, don mai da yashi in sun haɗu gugar ƙarfe suke yi.

Yanzu ga gargaɗi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da gungume mai ƙarfi. Kada a bar inji yana aiki cikin rufaffen zaure, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba. Baƙin man da aka juye kada a zuba shi ƙasa. A fadamunmu ruwa kusa yake, abin da ka zubar yau shi 'ya'yanka za su ɗebo a rijiya.

Na san akwai masu suka iri biyu. Na farko su ce tsofaffin motoci su ke kashe mutane, gara a hana su hanya. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Motar da gindinta ya ruɓe, ko wadda ake zuba wa ruwan sabulu a madadin man birki, makara ce mai taya, kuma mai ita ya ji tsoron Allah ya ajiye ta. Amma in an kwashe tsofaffin motoci duka yau, wa zai kai majinyaci Magariya gobe? Maganin shi ne kulawa, da rage lodin da ya wuce kima. Na biyu su ne 'yan'uwanmu makanikai, masu tsoron za mu tare musu abinci. Su kwantar da hankali. Birki, da sitiyari, da buɗe cikin inji aikinsu ne, kada wanda bai koya ba ya taɓa, don kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai motar da ya san motarsa shi ke kawo ta da wuri, ya biya ba da jayayya ba.

Mu kuma da muka yi lakwal muna da namu laifi. An koya mana cewa mai farar riga ba ya taɓa baƙin mai, har yaro ya gama aji shida yana ƙyamar sifana. Wannan girman kai ba gadonmu ba ne. Kakanninmu maƙera ne da dukawa da masaƙa, da hannunsu suka ci abinci.

Don haka ina ba kowane reshe shawara uku. A yi karo-karo a sayi akwatin kayan aiki guda, da sifanu da jak da famfon taya da ma'aunin iska, a damƙa wa amintacce, mai buƙata ya ara ya mayar. A sa jajibirin kasuwa ya zama ranar duba motoci da babura a tasha, kafin a yi lodi. A kuma roƙi wani dattijon makanike ya riƙa koya wa samari sau ɗaya a wata, reshe ya ba shi goro. Sakatarori su rubuto mana abin da suka zartar, a buga a fitowa ta gaba.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Haza wassalam.

Naku,
Wani malamin makaranta, Dungas.